Shin Ko Kun San? Hannayen da Ke Riƙe da Binciken Ƙwayoyin Gado

Shin ko kun san ɗigon ruwa guda ya yi wa ma'aikacin ɗakin binciken ƙwayoyin gado yawa? Ma'aunin da yake aiki da shi sunansa maikirolita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Ɗigo guda yakan kai maikirolita 50, shi kuwa ɗaya ko biyu ake so ya ɗiba, ba ƙari ba ragi, kuma haka zai wuni yana yi. A da da baki ake zuƙo ruwan gwaji ta siririn bututun gilashi, ko da guba ce ko ƙwayar cuta, an kuma sha kamuwa ta nan. Sai a 1957 wani likita Bajamushe, Heinrich Schnitger, ya ƙera 'yar na'urar da ake dannawa da babban yatsa a jami'ar Marburg. Ita ce a hannun kowane ɗan lab a yau.

Shin ko kun san safar hannun da yake sawa ba kansa kaɗai take karewa ba? Abin gwajin ma tsoron mutum yake yi. Fatarmu da guminmu da yawunmu na ɗauke da sinadarin da ke lalata RNA, suna kuma zubar da DNA ɗinmu a kan duk abin da muka taɓa. 'Yan sandan Jamus sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. Sun yi shekaru suna farautar wata mata da aka tsinci DNA ɗinta a wuraren aikata laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, daga fasa shago har zuwa kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. Aka sa ladan Yuro 300,000 ga wanda ya tona inda take. A watan Maris na 2009 gaskiya ta yi halinta: babu wata 'yar ta'adda. DNA ɗin na wata ma'aikaciya ne a masana'antar da ke shirya tsinken audugar da ake goge wurin laifi da shi. An kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin audugar, amma kashe ƙwayar cuta ba ya share DNA. Shi ya sa ƙwararren ma'aikaci kullum yake haɗa gwajinsa da kwalba guda wadda ba a sa mata komai ba sai tsabtataccen ruwa. In ta nuna sakamako, to aikin ranar duka ya tashi a banza.

Shin ko kun san an yi sama da shekara 30 littattafai na koyar da cewa ɗan Adam na da kuromosom 48? Kuromosom su ne ƙunshe-ƙunshen da DNA ke naɗe a ciki, kuma a ƙarƙashin madubin likita a cakuɗe suke fitowa, ƙirga su sai an yi da gaske. A 1952, a garin Galveston na jihar Texas, wani mai bincike, T. C. Hsu, ya leƙa madubi ya gan su a warwatse ɗaya bayan ɗaya, abin da bai taɓa gani ba. Ya yi watanni yana neman dalili kafin ya gano cewa ruwan gishirin da aka wanke ƙwayoyin da shi ya tsinke fiye da ƙima, ƙwayoyin suka sha ruwa suka kumbura. Wani daga cikin ma'aikatan ɗakin ne ya kuskure awo, kuma ba wanda ya fito ya ce shi ne. Wannan ruwan da aka haɗa bisa kuskure ya zama ƙa'ida har yau, yana kuma cikin dabarun da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka bi a Suwidin suka bayyana a 1956 cewa adadin 46 ne.

Shin ko kun san da injin markaɗe na kicin aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka tabbatar cewa DNA ne ke ɗauke da gado? Alfred Hershey da mataimakiyarsa Martha Chase suka yi shi a 1952. Hershey ya karɓi kyautar Nobel a 1969, ban da ita. Haka ma hoto mai lamba 51, wanda ya haska wa masana Watson da Crick siffar DNA, ɗalibi Raymond Gosling ne ya ɗauke shi ƙarƙashin kulawar Rosalind Franklin a Landan. Ƙwayoyin jikin wata mata mai suna Henrietta Lacks kuwa, waɗanda aka ɗiba a 1951 ba da saninta ba, suke kuma ta hayayyafa a ɗakunan bincike har gobe, wata matashiyar ma'aikaciya ce, Mary Kubicek, ta fara rainonsu a Baltimore. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan al'ada ta ajiye sunan mai aikin a layin godiya na ƙasan takarda tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin shi ne ya san ranar da gwajin ya ƙi, ya kuma san dalili.

Shin ko kun san gwajin PCR da ya shiga bakin kowa lokacin korona, da hannu aka fara yin sa? Aikinsa ninka ɗan guntun DNA: ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, bayan zagaye 30 an haura biliyan ɗaya. Kary Mullis ne ya yi tunanin a 1983 a kamfanin Cetus na Amurka, ya sami Nobel a 1993. Amma a farkon lamari ma'aikaci ne ke tsaye riƙe da agogo, yana ciro kwalabe daga ruwa mai kusan tafasa zuwa mai ɗumi, yana ƙara sabon sinadari a kowane zagaye saboda zafi ya kashe na baya. Sauƙi ya zo ne daga wata ƙwayar bakteriya da Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a shekarun 1960. Ita a zafin digiri 70 take jin daɗinta, don haka sinadarinta ba ya mutuwa. Ga kuma inda abin ya taɓo gidanmu: takardar farko da aka buga kan amfani da PCR, a 1985, a kan gano cutar sikila take, sunan farko a kanta kuwa na Randall Saiki ne, ɗaya daga cikin masu aikin hannu na kamfanin.

Shin ko kun san harafi ɗaya tak cikin haruffan DNA kusan biliyan uku ne ke jawo sikila? Inda ya kamata a sami GAG sai a sami GTG, shi ke nan ƙwayar jini ta lanƙwashe. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kimanin 150,000 duk shekara.

Amma gwajin jinotayif da ake yi kafin aure ba DNA yake karantawa ba. Jini ake fasawa, a ɗiga shi a kan wata jiƙaƙƙiyar takarda ta musamman, a saki wutar lantarki. Nau'in A ya yi gaba, S ya biyo baya, C ya tsaya can ƙurya. Ma'aikacin zai rina takardar ya karanta layukan da idonsa, yana gwada su da jinin da aka riga aka san nau'insa, wanda dole ne a ɗiga a gefe. In ruwan gwajin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, ko aka musanya lambar kwalba, AS na iya komawa AA a takarda. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku ma sakamakonsa na iya ruɗarwa, don jinin wani na yawo a jikinsa. Tun da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, makomar gidaje da yawa ta rataya a kan waɗannan layuka. Ni dai shawarata ga masu shirin aure, a yi gwajin sau biyu, a wurare biyu, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Shin ko kun san akwai firizar da ke sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri? A ciki ake adana samfuri na shekara da shekaru. Ƙwayoyi masu rai kuma a ruwan naitirojin ake nitsa su, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, wanda kullum ƙafewa yake yi, sai an riƙa ƙarawa. A ƙasashenmu da wuta ba ta da tabbas, rabin hankalin ma'aikacin yana kan janareto da batir, ko da dare ne, ko da ranar Sallah ce.

Shin ko kun san wasu sun ba da rayukansu a wannan aiki? A watan Agusta na 2014 mujallar Science ta buga jerin haruffan gadon ƙwayar cutar Ebola guda 99, daga majinyata 78 na Saliyo. Kafin takardar ta fito, biyar daga cikin marubutanta cutar ta kashe su, cikinsu har da Dokta Sheik Humarr Khan da ma'aikacin lab Mohamed Fullah, waɗanda suka yi aiki a asibitin gwamnati na Kenema. Cikin waɗanda aka yi binciken da su akwai Farfesa Christian Happi na cibiyar ACEGID da ke jami'ar Redeemer's a Ede, jihar Osun. Wannan cibiya ce, tare da abokan aikinta na Legas, ta fitar da jerin haruffan ƙwayar korona na farko a Afirka a watan Maris na 2020, 'yan kwanaki bayan an gano mai cutar na farko a Nijeriya.

Shin ko kun san mai takardar HND na cikin mutum ukun da suka ba duniya hanyar karanta DNA? Alan Coulson ya fito daga kwalejin fasaha ta Leicester a Ingila, ya kama aiki da masani Fred Sanger a Kambirij a 1967 a matsayin ma'aikacin lab. Sanger bai ɓoye sunansa ba: takardar 1977 da ta kafa hanyar tana ɗauke da Sanger da Nicklen da Coulson, kuma da wannan hanya aka karanta gadon ɗan Adam a aikin da aka kammala a 2003. 'Yan uwanmu da ke karanta fasahar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a kwalejojin Kaduna da Kano da Birnin Kebbi, irin takardar da kuke nema ke nan. Coulson bai yi digirin digirgir ba sai a 1994, shekara 27 bayan ya kama aiki.