Hanya Biyu Ta Sayar Da Zare Rinanne

'Yan'uwa, da kaka ta wuce, mata da yawa a ƙungiyoyinmu sukan koma kaɗi. Farin zare kuɗinsa kaɗan ne. In an rina shi da baba, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, sai darajarsa ta ƙaru. Saura wurin sayarwa.

Hanya ta fari ita ce baje koli, kamar na Kaduna, ko nunin amfanin gona. Can baƙi za su ga aikinmu. Amma kwanaki kaɗan ne a shekara, ga kuɗin mota, ga na rumfa.

Hanya ta biyu ta fi tabbas. A Amurka da Ingila masu rinin zaren ulu sukan karɓi kuɗi tun gaba, su riƙa aika wa mai saye zare kowane wata. Mu ma sai mu yi wannan shiri da masaƙa. Kuɗinsu shi zai sayi auduga da baba, ba sai mun ci bashi ba.

Amma fa a kula. Rami biyu ba sa ba da launi iri ɗaya, don haka a rina zaren mutum ɗaya a rami ɗaya. A ɗauraye shi har ruwan ya fito garau, kada ya zuba bayan an saƙa. Magatakarda ya rubuta suna, da nauyi, da ranar kaiwa.

Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ɗauki alkawari a gaban Allah. Mu cika awo, mu kai a kan lokaci.