BABI NA UKU: ZAMBA A GWANJON INTANET DA YADDA MAI SAYE ZAI KIYAYE DUKIYARSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kasuwanci a ƙasar Ɗanbatta da matsayin dillali a cikinsa. A wannan babi kuwa za a dubi wani sabon nau'in ciniki da ya shigo wa jama'a ta wayar hannu, watau gwanjon intanet, tare da hanyoyin da 'yan damfara suke bi wajen cutar masu saye. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ɗan damfara yana aron kalmomin kasuwar gargajiya ne ya yi ciniki da su a wurin da babu matakan tsaron da suke tafiya tare da waɗannan kalmomi. Saboda haka sai an fara fahimtar abin da yake tsare mai saye a kasuwar gargajiya kafin a gane inda ake shammatar sa a intanet.

3.1 Ma'anar Gwanjo

Gwanjo shi ne sayar da kaya a bainar jama'a ta hanyar barin masu saye su yi ta tayi, kowa yana ƙari a kan tayin ɗan'uwansa, har a sallama wa wanda tayinsa ya fi na kowa. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ciniki muzayada, kuma mafi yawansu sun halatta shi. A ƙasar Hausa an fi sanin gwanjo a wajen sayar da tsofaffin motoci da kayan ofis na ma'aikatun gwamnati, da kayan da kotu ta ba da umarnin a sayar don biyan bashi. Haka kuma ma'anar kalmar ta faɗaɗa, ta yadda akan kira tsofaffin tufafi kayan gwanjo. Daga nan ne Bahaushe ya ɗauka cewa duk inda aka ambaci gwanjo to araha ce ta faɗi. Wannan tunani shi ne ƙofa ta farko da ɗan damfara yake shigowa ta cikinta.

3.2 Abubuwan da Suke Tsare Mai Saye a Kasuwar Ɗanbatta

Garin Ɗanbatta yana arewa da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Kazaure da Daura. Kasuwarsa tana ci ranar Lahadi, kuma ta yi suna wajen cinikin shanu da tumaki da awaki da hatsi. Idan aka lura da yadda ake cinikin dabba a kara, za a ga abubuwa uku ne suke tsare mai saye.

Na farko shi ne ganin kaya. Mai sayen sa yakan zagaya shi, ya dubi haƙoransa don sanin shekarunsa, ya taɓa tozonsa, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Na biyu shi ne sanin dillali. Dillalin kara mutum ne sananne, an san gidansa, an san iyayensa, kuma mako mai zuwa a nan za a same shi. La'adar da yake karɓa ba ladan haɗa ciniki kaɗai ba ce, har da ladan tsaya wa kayan, domin idan ta bayyana dabbar ta sata ce shi za a fara nema. Na uku shi ne shaidu da shugabanni. Akan yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama a gaban mutane, kuma idan rigima ta taso akwai shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara a ranar. Bugu da ƙari, kuɗi da kaya suna sauya hannu ne a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya.

3.3 Shigowar Gwanjon Intanet

A ƙasashen Turawa gwanjon intanet ya bunƙasa ne daga shekarar 1995, lokacin da Pierre Omidyar ya kafa shafin da ya zama eBay a Amurka. A Nijeriya kuwa wayar hannu ta fara yaɗuwa daga shekarar 2001. Hukumar Kwastan ta ƙasa ta buɗe shafinta na gwanjon kayan da aka kama a watan Yuli na 2017, a zamanin shugabancin Kanar Hameed Ali mai ritaya, sa'an nan ta sake buɗe shi da sabon tsari a watan Janairu na 2024, a ƙarƙashin Adewale Adeniyi. Ita ma hukumar EFCC ta yi gwanjon motocin da kotu ta ƙwace ta intanet a watan Janairu na 2025.

A ƙauyuka kuma wani abu ya faru da ya sauya yadda ake biyan kuɗi. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon shekarar 2023 ya tilasta wa manoma da masu kiwo da yawa buɗe asusu da koyon tura kuɗi ta waya ko ta hannun masu POS. Watau mutumin da a da ba ya sakin kuɗinsa sai ya riƙe igiyar dabba a hannu, yanzu ya saba da tura kuɗi zuwa ga sunan da bai taɓa ganin mai shi ba. Da yake gwanjon gwamnati na gaskiya yana nan, jama'a kuma suna jin labarinsa a rediyo, sai ya zama da sauƙi a kwaikwaye shi.

3.4 Hanyoyin Zamba

3.4.1 Gwanjon Bogi da Sunan Hukuma

A nan ɗan damfara yakan buɗe shafi a Facebook ko zaure a WhatsApp, ya sanya hoton wani mutum cikin kaki da tambarin hukuma, ya jera hotunan motoci ko babura ko buhunan shinkafa a kan farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Ba ya neman kuɗi mai yawa da farko. Yakan fara da kuɗin fom, sa'an nan kafin alƙalami, sa'an nan kuɗin fito da kaya, sa'an nan kuɗin man direba. Duk lokacin da mutum ya biya ɗaya sai ya ji ba zai iya janyewa ba, don kada abin da ya riga ya bayar ya salwanta. Hukumar Kwastan ta sha yin gargaɗi cewa ba ta sayar da kaya ta shafukan sada zumunta.

Mai wannan bincike ya ga irin wannan a cikin danginsa. A damunar 2023 wani kawunsa manomi ya sayar da bijimai biyu da ya yi kiwon turke, da niyyar sayen a-kori-kura don ɗaukar amfanin gona. Wani yaro ya nuna masa tallan gwanjo a waya. Ya biya naira dubu 20 na fom, washegari aka kira shi aka ce shi ya ci gwanjon, ya tura dubu 300 kafin alƙalami. Bayan kwana uku aka ce mota ta taso amma an tsare direba a hanya, ya ƙara dubu 150. Daga ranar ba a sake samun lambar ba. Abin lura shi ne, sai da ya yi wata biyu bai gaya wa kowa ba saboda kunya, alhali mutum ne da ya yi shekaru yana shiga kara ba a taɓa sayar masa da dabba marar lafiya ba.

3.4.2 Cinikin Biri a Sama

Wannan ya fi yawa idan Babbar Salla ta matso. Akan ɗauki hoto ko bidiyon ragunan wani a kasuwa, a sanya su a shafi a ce gwanjo ake yi, wanda ya fi tayi za a aika masa har gida. Wani lokaci babu dabbar sam. Wani lokaci kuma akwai ta, amma abin da za a aiko ba shi aka nuna ba. Hoto ba ya nuna tari ko gurgunta, kuma akan ɗauke shi daga ƙasa don ƙaramin rago ya yi kama da babba. A 'yan shekarun nan ma na'ura tana iya ƙirƙiro hoton abin da babu shi.

3.4.3 Tayin Ƙarya

Wannan tsohuwar dabara ce da aka sani a kasuwa tun kafin zuwan waya. Mai kaya yakan haɗa baki da wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya zuga mai saye na gaskiya. A kasuwa akan gane irin waɗannan mutane da fuska. A intanet kuwa mutum ɗaya yana iya riƙe layi huɗu ko biyar da sunaye daban-daban, yana yi wa kansa tayi, mai saye yana zaton takara yake yi da jama'a.

3.4.4 Satar Lambobin Sirri

A nan ba kuɗin kaya ake nufi ba, asusun gaba ɗaya ake hari. Akan aiko wa mutum fom na bogi a ce ya cike don rajistar gwanjo, a nemi lambar BVN da lambar katinsa da lambar sirri. Ko kuma a kira shi a ce ya karanto lambar da banki ya turo masa yanzu don a tabbatar da tayinsa. Da zarar ya karanta, an buɗe wa ɓarawo rumbu.

3.5 Harshen Ɗan Damfara

Idan aka nazarci maganganun 'yan damfara za a ga suna da siffofi da suke maimaituwa. Akwai girmamawa da ta wuce kima, kamar kiran mutum Alhaji ko ranka ya daɗe tun a gaisuwar farko. Akwai yawan rantsuwa da ambaton amana da 'yan'uwantakar addini. Akwai amfani da kalmomin kasuwa irin su "an sallama maka" da "Allah ya sa albarka", waɗanda a kunnen Bahaushe suke nuna ciniki ya faɗa, fasawa kuma abin kunya ne. Akwai gaggawa, kamar a ce saura awa ɗaya a rufe, ko wani Alhaji daga Legas yana jira da kuɗi a hannu. Daga ƙarshe akwai neman sirri, a ce kada ya gaya wa kowa don alfarma aka yi masa. Wannan siffa ta ƙarshe ita kaɗai ta isa shaida, domin gwanjo a ma'anarsa ciniki ne na bainar jama'a.

3.6 Matsayin Shari'a da Doka

Musulunci ya hana tayin ƙarya, wanda malamai suke kira najashi, kuma hanin ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Haka nan an hana cinikin garari, watau cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba ko ba a da tabbacin samunsa. A dokar ƙasa kuwa, sashe na 320 na kundin Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya bayyana laifin zamba, sashe na 321 kuma ya yi magana a kan zamba ta hanyar sojan gona. Sunan 419 da ake kiran 'yan damfara da shi ya samo asali ne daga sashe na 419 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu. Dokar tarayya ta 2006 a kan karɓar kuɗi ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sai dai hukunta mai laifi daban, dawo da kuɗi daban, domin akan kwashe kuɗin daga asusun cikin ɗan lokaci kaɗan.

3.7 Matakan Kariya

Bisa abin da ya gabata, ana ba mai saye shawarar ya mayar da matakan tsaron kasuwa kafin ya saki kuɗinsa:

(a) Kada ya biya ko kwabo sai ya ga kayan da idonsa, ko ya wakilta wanda ya sani ya je ya gani.

(b) Idan an ce gwanjon hukuma ne, ya je ofishin hukumar da ƙafarsa ya tambaya. Gwanjon Kwastan na gaskiya yana buƙatar lambar shaidar biyan haraji, wadda ake kira TIN, kuma a shafin hukumar ake yin sa.

(c) Ya dubi sunan da ya fito a asusun da aka ba shi. Kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun mutum ɗaya, komai muƙamin da ya ce yana riƙe da shi.

(d) Ya kwatanta farashin da na kasuwa. Idan ragon da ake sayarwa dubu 200 a Ɗanbatta aka ce dubu 70 ne, to ya tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

(e) Kada ya ba kowa lambar sirrinsa ko lambar da banki ya turo masa, ko da mai kiran ya ce daga banki yake.

(f) Ya yi shawara da mutum biyu aƙalla, musamman idan an ce ya yi shiru.

(g) Idan ƙaddara ta riga ta faɗa, ya sanar da bankinsa a ranar, ya adana lambar waya da lambar asusu da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Kada ya ƙara tura kuɗi ga wanda ya ce zai taimaka a dawo masa da na farko, domin sau da yawa su ne dai.

Haka kuma akwai rawar da limamai da masu unguwanni da shugabannin kasuwa da masu POS za su taka. Mai POS shi ne mutum na ƙarshe da yake ganin kuɗin kafin su tafi, kuma tambaya ɗaya daga gare shi tana iya tsare wa manomi kuɗin kiwon shekara guda.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar gwanjo, an kawo abubuwan da suke tsare mai saye a kasuwar Ɗanbatta, sa'an nan an nuna yadda ake rasa su a gwanjon intanet alhali kalmomin ciniki suna nan yadda aka san su. An ga cewa waɗanda ake cuta ba rashin wayo ne yake kai su ba, sabo ne da kasuwar da maganar mutum take da mai tsaya mata. An kuma ga cewa kunya tana hana su faɗa, shi ya sa dabara ɗaya take cin mutane da yawa a gari ɗaya. A babi na gaba za a dubi sababbin kalmomi da karin maganganun da wannan nau'in ciniki ya haifar a bakin matasan yankin.