Uwargida, Wa Ke Yi wa Wayarki Jagora?

 Wata baiwar Allah daga Dandume ta aiko da tambaya. Ta ce ƙaninta ya saita mata waya don kada yara su faɗa shafukan batsa, amma da ta je suna Funtuwa ta hau Wi-Fi ɗin gidan, sai komai ya buɗe. Me ya faru?

To uwargida, kin san idan za ki aika da ƙuli-ƙuli, sunan gidan kawai kike faɗa, yaron aike ne ya san hanya. Haka intanet take. Ke suna kike rubutawa, wani tsari mai suna DNS, wanda aka ƙirƙiro a 1983, shi ke nemo lambar shafin. Idan mai tarbiyya ne, kika aike shi gidan banza, sai ya ƙi zuwa.

Matsalar ita ce, duk Wi-Fi ɗin da waya ta hau, akwai tsarin DHCP da ke miƙa mata lamba, ya haɗa mata da nasa yaron aiken, ba tare da ya tambaye ki ba. In kin koma data kuma, kamfanin layinki ne ke ba ta nasa. Saitin da ƙanin nan ya yi, a Wi-Fi ɗin gida kaɗai ya tsaya.

Ga maganin. Tun daga Android 9 na 2018, akwai wurin da aka rubuta Private DNS. Ki shiga Settings, ki neme shi a sashen haɗin intanet, ki zaɓi wurin rubuta suna, ki sa family.cloudflare-dns.com, sannan ki adana. Kamfanin Cloudflare ne ya fito da wannan matacin a 2020, kuma kyauta ne. Shi wannan saitin yana bin wayar duk inda ta je, data ko Wi-Fi.

Amma a kula. Harafi ɗaya kika kuskure, intanet na iya ɗaukewa, sai kin gyara. Kuma ba ya tace abin da aka turo ta WhatsApp ko bidiyon TikTok, sannan yaron da ya sa VPN zai iya zagaye shi. Don haka idonki dai shi ne babban mataci.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.