Abin da ya kamata ka sani kan tarihin Birtaniya kafin ka karanta adabinta

Idan kana nazarin adabin Ingilishi, za ka riƙa cin karo da sarakuna da yaƙe-yaƙen da ba ka san mafarinsu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka san al'ummomin da suka shigo tsibirin bi da bi, domin kowace ta bar harshenta da labaranta.

Su wa aka fara sani a can?

Kafin zuwan Rumawa, ƙabilun da ake kira Kelt ne ke zaune a tsibirin. Mawaƙansu ne ke riƙe da tarihi a ka, suna isar da shi da baki. Harshen mutanen Wales na yau daga nasu ya samo asali. Labaran Sarki Arthur ma daga wajensu suka fito, ko da yake masana na shakkar an taɓa yin sa.

Me Rumawa suka bari?

Julius Kaisar ya kai hari a shekara ta 55 da ta 54 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma sai a shekara ta 43 Miladiyya aka ci ƙasar da yaƙi a zamanin Sarki Claudius. Rumawa suka kafa Landan, suka shimfiɗa hanyoyi, suka gina ganuwar Hadrian a arewa. Sun janye wajen shekara ta 410.

To, daga ina Ingilishi ya fito?

Bayan tafiyar Rumawa, ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmark. Harshensu shi ne tsohon Ingilishi, wanda Baturen Ingila na yau ba ya ganewa sai ya koya. Da shi aka tsara Beowulf, doguwar waƙar jarumta mai layi fiye da 3,000. Kada ka yi mamaki idan ka ga labarinta a Denmark da Sweden yake faruwa: baƙin sun zo da labaran gida ne.

Yaushe rubutu ya kankama?

A shekara ta 597 Augustine, wanda Paparoma Gregory ya aiko, ya iso yankin Kent don yaɗa Kiristanci. Gidajen ibada suka zama makarantu, harshen Latin ya zama harshen ilimi. A cikinsa malami Bede ya kammala tarihin Ingilawa a 731. Da maharan Viking suka fara kai farmaki ta teku daga 793, karatu ya ja baya, sai Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sa aka mayar da muhimman littattafai zuwa Ingilishi.

Me ya sa ake yawan ambaton 1066?

A shekarar ce William na Normandy, daga arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold a yaƙin Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, talakawa kuma suka ci gaba da Ingilishinsu. Cakuɗuwar biyun ta haifar da harshen da mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi rubutu da shi.

Saboda haka, duk littafin da ka ɗauka, fara tambayar zamanin da aka rubuta shi da kuma wanda ke mulki a lokacin.