Kwalejin Yaba: Ga Dama a Ƙofar Gida

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba sukan wuce Kwalejin Fasaha ta Yaba a mota, ba su san 'ya'yansu na da haƙƙi a cikinta ba. An kafa ta a 1947, kuma ta Gwamnatin Tarayya ce.

Ana bukatar yaro ya ci kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, kana ya zauna ta JAMB. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, saboda haka a nema masa da wuri.

Wanda aka ɗauka zai yi shekara 2 ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara 1 yana aiki a masana'anta, sannan ya koma shekara 2 don babbar difloma. Ana koyar da aikin injiniya, akanta, zanen gine-gine da ɗab'i.

Ɗakunan kwana ba sa isar ɗalibai, haya kuwa a Yaba sai mai hali. To, yaron da iyayensa ke Ikko yana iya zuwa daga gida. Iyaye, a taimaki yaran nan su nemi gurbi bana.