Lauya da Sharaɗin “Kyawun Hali”: Wani Babi Daga Tarihin Shari'ar Amurka

A Amurka cin jarrabawa kaɗai bai isa ya mai da mutum lauya ba. Wajibi ne hukumar lauyoyi ta jiharsa ta shaida yana da kyawun hali. Da wannan sharaɗi ne aka daɗe ana tare wa lauyoyi 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ƙofa, domin a da dokokin jihohi suna lissafa tarayyarsu cikin laifuffuka. Hujjar hukuma ita ce, mai karya doka bai cancanci a ba shi amanar doka ba.

A shekarar 1957 Kotun Ƙoli ta Jihar Florida ta soke sunan Harris Kimball daga cikin lauyoyi a kan haka. Sai a 1973 babbar kotun Jihar New York ta buɗe masa hanyar komawa bakin aiki.

Misali na biyu ya fi wannan fitowa fili. A 1991 Babban Lauyan Gwamnatin Jihar Georgia, Michael Bowers, ya janye aikin da ofishinsa ya riga ya yi wa Robin Shahar alkawari, da jin za ta yi bikin ɗaura alkawari da wata mace. Ta kai ƙara, amma a 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba Bowers gaskiya. A shekarar nan kuwa shi kansa ya amsa ya yi shekaru yana neman wata mace alhali yana da aure, abin da dokar jihar ta haramta.

A 2003 Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe ragowar waɗancan dokoki na jihohi, watau tushen hujjar farko ya faɗi ke nan. Sa'an nan a 2020, cikin shari'ar Bostock, alƙalai 6 daga cikin 9 suka yanke cewa korar ma'aikaci don wannan dalili ta saɓa wa dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Dokar 1964 ba ta hau kan ofishin da ma'aikatansa ba su kai 15 ba, ofisoshin lauyoyi da dama kuwa ƙanana ne. Kuma da wuya a kafa hujja a kan shugaban da ya hana ƙarin girma bai faɗi dalili ba. Tambayar da na bar wa ɗalibai da ma'aikatan gwamnati ita ce: in aka ɗora maka auna halin na ƙasa da kai, da mudu ɗaya kake auna kowa?