Abincin Mutanen Elmina

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar Gana wurin kawuna, wanda yake sayar da goro da yadi a zangon Elmina. Abin da ya fi ba ni wuya a tafiyar nan shi ne abinci, don haka na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda yake, ko wani zai je wata rana.

Da farko dai, Elmina gari ne na bakin teku, yamma da Kef Kos kaɗan. Mutanen garin Fanti ne, suna kiransa Edina. A nan ne Turawan Fotugal suka gina wata babbar ganuwa a shekarar 1482, wadda daga baya ta zama kurkukun tara bayi. Baƙi da yawa ganuwar suke zuwa gani, amma 'yan gari da su suke rayuwa. Da safe sai ka ga kwale-kwale jere a bakin tafkin Benya, mata suna ta ciniki da masunta.

Babban abincinsu shi ne dokunu, wanda wasu ke kira kenke. Ana jiƙa masara kwana biyu ko uku, a niƙa, a bar ƙullin ya yi tsami. Sa'an nan a dafa wani kashi, a haɗa da ɗanyen, a ƙunshe cikin ganyen agada, a dafa na sa'o'i. Saboda tsamin nan yakan yi kwanaki bai lalace ba, shi ya sa ya dace da masunta da matafiya. Ana cinsa da soyayyen kifi da daddaƙan barkono da albasa, ko da shito, wato baƙin yaji da ake soyawa da mai da garin busasshen kifi da jatanlande.

Ranar da aka fara kawo mini dokunu na sansana, na ce ya lalace. Kwana biyu ina ɓuya ina shan garin kwaki da ƙuli-ƙulin da na taho da su. Da Kawu ya gane sai ya kira ni, ya ce, "Kai yaro, fura ba tsami gare ta ba? Maƙwabciyarmu ce ta aiko maka saboda kai baƙo ne. In ka mayar da kwanon a cike, da wane ido zan dube ta?" Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Na zauna na ci, kunya ta ishe ni. Kafin mako ya zagayo ni ne mai neman ƙari.

Miyar da suka fi alfahari da ita ita ce fanti-fanti. Ɗanyen kifi ake dafawa cikin manja da tumatir da albasa da barkono, ba tare da an soya shi ba. Suna kuma da momoni, wato kifin da aka barbaɗa wa gishiri aka bar shi ya ruɓa kaɗan. Warinsa yana korar baƙo, amma aikin da daddawa ke yi a miyarmu shi yake yi a tasu. Kifin da ba a sayar ɗanye ba mata suke banda shi, a kai shi har Kumasi da arewacin ƙasar.

Wanda ya yi kewar gida kada ya damu, domin Hausawa sun bar sawunsu a tukunyar Gana. Da safe ana sayar da kokon gero mai yaji da ƙosai, har sunansa Hausa koko. Akwai kuma wace, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Daga kalmarmu ta wake aka samo sunan.

Ga shawarata ga matafiyi. Na ɗaya, masunta ba sa fita teku ran Talata bisa al'adarsu, don haka kada ka sa ran sabon kifi a ranar. Na biyu, kifi ya fi araha daga Yuli zuwa Satumba. Na uku, in ana maganar nama, Musulmi ya tambaya ko ya nufi zango. Na huɗu, a fara da yaji kaɗan kaɗan, a sha ruwa mai tsabta ko ruwan kwakwa.

Wani abin baƙin ciki shi ne kifin yana raguwa saboda yawan kamu, musamman na manyan jiragen ruwa. A shekarar 2019 har gwamnati ta dakatar da masu kwale-kwale wata guda don kifi ya hayayyafa. In kifi ya ƙare, dokunu zai rasa abokin tafiya, dubban gidaje kuma su rasa abin yi.

Darasin da na koya shi ne kada mutum ya raina abincin wasu kafin ya ɗanɗana. Yanzu ko tuwon ɗakin cin abincinmu na daina yi wa tsaki. Allah ya ba mu ikon yin tafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.